Shekarar da Na Yi Iyo a Kan Turmi

Akwai wata ƙarya da na yi a bakin dam ɗin garin nan tun kafin a haifi yawancinku, har yau kuma tana yawo a Kazaure da ƙafafunta, ta ma fi ni lafiya. Ita ce wai Turawa ne suka koya mini iyo a Ikko. Kun ji ta a bakin mutanen gari, kun ji ta a bakin Baffa Sale. Ke Hadiza har kin taɓa rubuta ta a makaranta da aka ce kowa ya ba da labarin ubansa, malaminku ya yaba miki. To yau zan warware ta tun ina da haƙoran faɗa. Ban taɓa shiga ruwan Ikko ba, in banda wanda yake zubowa daga sama. Baturen da na sani a can ɗaya ne, shi ma zagina ya yi don na tare masa hanya da mota. Wanda ya koya mini iyon da na ci abinci da shi, har yaran gari suke ce mini Baba Kwaɗo, yana cikin gidan nan, yanzu haka ma ina jiyo shi yana yi wa ɗayanku faɗa a kan murfin tukunya. Uwarku ce.

Ni da kuke gani mutumin hanya ne. Ina ɗan saurayi aka sauke tutar Bature, ban tsaya kallon biki ba na bi mota. Na yi yaron mota, na zama direba, na shekara da shekaru ina jan gingimarin wani Alhaji na Babura. Mu kai gyaɗa Kano, mu kai shanu Ikko, mu dawo da goro, wani zubin mu tsallaka Damagaram inda sai da sefa ake ba ka shayi. Ina kan hanya aka ce daga yau kowa ya koma tuƙi a hannun dama, ina kan hanya aka ajiye fam da sule aka ɗauko naira. A Baga, bakin tafkin Chadi, na je lodin banda na ga Yagana. Ubanta Babarbare ne mai cinikin kifi, uwarta kuwa 'yar tsibiri ce, irin mutanen da yaro yake iya iyo kafin tafiyarsa ta yi ƙwari. Na auro ta na kawo ta garin duwatsu, inda a lokacin ruwan da ya fi kowane zurfi shi ne na rijiya. Inna, kakarku, Bafulatana ce ta ƙin ƙarawa. Da ta ɗaga mayafin amarya ta ga zanen Barebari a kumatu, sai ta juyo wajena.

"Kai wannan, duk matan ƙasar nan ka rasa, sai da ka je ka kwaso mana baiwarmu?"

"Kai wannan" shi ne ni, don ni ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunana. Maganar baiwa kuwa wasan Fulani da Barebari ne, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawa. Sai dai suruka ba ta ramawa. Uwarku ta sunkuyar da kai, haka kuma suka zauna gida ɗaya wajen shekara uku, Inna tana jefa wasa, ita tana haɗiyewa, ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa da miƙa tuwo.

Ina Ikko aka haife ki, Hadiza. Ina Fatakwal aka yi suna. In na dawo, kwana biyu ne ko uku in ƙara gaba. Wata rana a tsakiyar damina na shigo gida da buhun kwakwa a kafaɗa da 'yar riga mai ƙararrawa da na sayo miki, na tarar kin fara tafiya. Na tsuguna na buɗe hannu. Kika dube ni, kika kurma ihun da sai da kaji suka watse, kika shige bayan zanin uwarki. Na yi dariya don in rufe kunya. Uwarku ba ta yi dariya ba.

"Malam, kada ka ga laifinta," in ji ta. "Baƙo ta gani."

Maganar nan ta fi duk wani ramin hanya girgiza ni. Ranar na yanke wa kaina cewa in dai akwai aikin da zai zaunar da ni a Kazaure, to na bar mota. A shekarun nan kuwa kuɗin mai sun shigo, gwamnati tana ta tare ruwa ko'ina, mu ma an yi mana dam, ruwa ya kwanta tsakanin duwatsu kamar da can a nan aka halicce shi. Sai ga labari cewa ofishin kifi yana neman mutum ɗaya da zai riƙe kwale-kwale mai inji, wanda ya san inji, ya kuma iya ruwa. Inji dai ko ido rufe na kwance shi na ɗaura. Ruwa kuma, a ganina, na iya, tunda muna yara ba kududdufin da ba mu dama ba.

Jami'in da ya zo ɗaukar mutum, Malam Isiyaku, mutumin Yawuri ne, ɗan siriri, ba ya ɗaga murya. Jarrabawarsa guda ce. Zai ba ka akwatin ashana ka sa a cikin hularka, ka kifa a ka, ka shiga ruwa daga nan bakin, ka haye har wani falalen dutse da yake can tsallake, ka fito ka ƙyasta. In ta kama, ka ci. Ya ce mai kwale-kwale wata rana zai haye da abin da bai kamata ya jiƙe ba, ko da ran wani a hannunsa. Mu shida muka shiga. Ni na faɗa da ƙarfina, ina dukan ruwa da hannu da ƙafa, irin iyon kare da muka saba. Kafin in kai rabi hula ta yi nata wuri, numfashi ya ƙare, na sha ruwan da ya ishi raƙumi. Da igiya aka jawo ni. Baffa Sale, taubashina, yana tsaye a baki yana riƙe da ciki.

"Habu direba! Yau an ja ka kamar motar da ta mace! A kawo ruwan batir ko a tura?"

Ba wanda ya ci a cikinmu. Malam Isiyaku ya ce zai dawo da kwale-kwalen in an gama girbin dawa, a sake gwadawa. Na hau keke na je Babura na roƙi Alhaji ya ba ni hutu. Ya ce ya ba ni, amma ranar da gyaɗa ta fara fitowa mota za ta tashi, in ban samu aikin ba in zo in karɓi makullina. Kun ga ke nan abin ya zama biyu, ko in ƙyasta ashanar nan in zauna da ku, ko in koma hanya in ci gaba da zama baƙo.

Da na koma gida uwarku ta ji ƙarnin dam a jikina, ta tambaya, na ba ta labari, na rage wajen igiya. Ta ce in nuna mata yadda na yi. Na kwanta a tabarma na nuna. Wallahi tun da na auro ta ban taɓa jin ta yi irin dariyar nan ba, har da zama a ƙasa.

"Malam, ai wannan ba iyo ba ne, dambe ka je ka yi da ruwa. Shi kuwa ba a ka da shi."

"To ke da kika iya, a ina za ki koya mini? A randa?"

"A turmi," in ji ta.

Ita matar aure ce mai ƙuruciya, ba ta fita sai da dalili, bare ta je bakin dam cikin maza. Don haka ta kifa babban turmin gidan nan a tsakar gida, ta ɗora matashi, ta ce in hau in kwanta rubda ciki, hannu da ƙafa suna lilo. Ta ce abin da zan koya shi ne iyon kwaɗo, don shi kaɗai ne yake barin kai a sama, hula a bushe, numfashi a kwance. Da ƙafa muka fara. In jawo dunduniyoyi zuwa mazaunai a hankali, kamar mai tsoron tashin jariri, in juya tafin ƙafa waje, in zagayo da su da ƙarfi in haɗe. Ni kuwa da na jawo sai gwiwoyina su buɗe kamar ƙofar gareji. Ta cire kallabinta ta ɗaure mini cinyoyi, ta bar tazarar tafi biyu kawai. Ta koma baya ta tara tafin hannunta a tafin ƙafata ta ce in ture ta. Tana ƙirgawa da Barbarci, ina harbi, gumi yana ɗiga a ƙasa, ke kuma Hadiza kina leƙe daga bakin ɗaki.

A haka Inna ta shigo daga unguwa. Ta ga ɗanta, magidanci mai gemu, a kife a kan turmi, ɗaure da kallabi, yana harbin iska, matarsa tana tsaye a kansa tana faɗin abin da ba Hausa ba. Ta saki ƙwaryar hannunta.

"Innalillahi! Na faɗa! Na faɗa ruwan nan da masu shi! Sun shige shi!"

Kafin mu yi magana ta ɗebo garwashi a kasko, ta zuba tafarnuwa da wasu saiwoyi, ta tura mini hayaƙi a hanci. Ina tari ina cewa Inna lafiyata ƙalau, tana cewa ai haka suke faɗa. Ga ƙafa a ɗaure, ba damar gudu. Na mirgino daga turmi na faɗi tim. Sai da uwarku ta durƙusa ta yi bayani, maganar da ta fi kowace tsawo da ta taɓa yi wa Inna, sannan aka janye kasko. Inna ta dube ni, ta dubi jikarta a bakin ɗaki.

"Wato in ya iya wannan haukan zai zauna a gida?"

"In Allah ya yarda, Inna."

"To ɗaure shi da kyau."

Matsalar da muka tarar ita ce malama ba ta ganin ɗalibinta a ruwa. In na dawo daga dam ta tambaye ni yaya, sai in ce lafiya lau, don kowane direba a bakinsa gwani ne. Sai Inna ta ce ita tsohuwa ce, ba mai hana ta fita, ita za ta zama ido. Matar da ko rijiya ba ta leƙawa, kullum da hantsi sai ta ɗauki lema da buzu ta bi ni, ta hau wani dutse nesa da ruwa ta zauna. In mun dawo ta tsaya a tsakar gida ta kwaikwayi duk abin da na yi, da hannu da ƙafa da yadda nake buɗe baki. Rahotonta na farko ban manta shi ba.

"Mijinki ba gaba yake yi ba. Kewaye yake kamar jakin da aka ɗaure a turke."

Uwarku ta sa na hau turmi, ta tsuguna ta duba ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, can ta kama ta dama ta girgiza.

"Ga ɓarauniyar. Ta hagu tana juyawa waje tana ture ruwa, wannan kuwa miƙewa take kamar tana taka wani abu."

Totur ɗin mota take takawa. Shekara nawa ƙafar nan tana danne da shi daga Babura zuwa Ikko, ta saba. Sati guda aka yi ana yi mata horo ita kaɗai. In tsaya a jikin bango, in ɗaga dunduniya baya, in juya tafi waje, in riƙe har sai ta yi rawa. Aka kuma samo mini gora irin na masunta, in riƙe shi da hannu biyu a miƙe a cikin ruwa, in bar hannu ya huta, ƙafa kaɗai ta tura ni. Rana ta farko na yi ta harbi ina wuri ɗaya. Rana ta biyar sai na ji ruwa ya cika tafin ƙafata, na haɗe, gora ya yi gaba da ni sumul. Na yi ihu. Inna daga kan dutse ta ɗauka nutsewa nake, ita ma ta kama ihu.

Daga nan aka koma hannu. Ni jan hannu nake har cinya, kamar mai tuƙa kwale-kwale, shi ya sa fuskata take nutsewa. Uwarku ta gicciya taɓarya a ƙarƙashin hammatata ina kan turmi, Inna ta riƙe ɗaya bakin, ita ta riƙe ɗaya, don kada hannu ya wuce kafaɗa. Ta ce in ɗauka ƙwaryar fura ce a gabana, in yashe ta da hannu biyu in kawo baki, sannan in haɗe tafi in miƙa gaba kamar mai miƙa wa baƙo. Numfashi kuma a daro muka koye shi. A cika daro, in durƙusa, haɓa a kan ruwa, in hura har ya yi kumfa, in ɗago kaɗan in shaƙa, ga ƙoƙon ruwa an ɗora mini a ka, in ya zube a sake. A nan ne, Hadiza, kika fara matsowa. Kumfar ce ta ja ki. Kika zo kika tsuguna ɗaya gefen daron kina hura naki. Ba ki yarda na taɓa ki ba tukuna, amma mun zama abokan aiki.

Inna kuma aka ba ta ƙirga. Duk jan hannu ɗaya ta ɗauki ƙwayar gyaɗa daga wannan kwano ta jefa a wancan, daga baki har wata kuka da ruwa ya ci rabinta. Kwana uku lissafi yana fitowa wani iri, ashe ci take tana ƙirgawa. Aka mayar da ita tsakuwa. Rannan ta shigo gida da murna tana kaɗa kwano.

"Yau kam ya yi ƙoƙari, ya cika shi fal!"

"Inna, a gafarce ni," in ji uwarku, "ai ƙarancin ake so. In tsakuwa ta ragu, shi ne ya iya."

"Ikon Allah. Aikin da ragwanci ne gwanintarsa. Dole a ce Barebari suka ƙago shi."

Uwarku ta sunkuyar da kai kamar kullum. Sai muka ji murya ƙasa-ƙasa.

"Shi ya sa muke ɗaukar Fulani su riƙa yi mana ƙirga."

Ni na fara neman hanyar fita. Sai Inna ta fashe da dariya har da hawaye, ta kai mata duka da mafici tana cewa ashe baiwar nan tana da baki. Daga ranar ban sake samun mai goya mini baya a gidan nan ba, sun haɗe mini kai.

Abin da ya fi ba ni wuya ba ƙafa ba ne, ba hannu ba ne, wurin da ba a yin komai ne. Uwarku ta ce in na haɗe ƙafa, hannu yana miƙe a gaba, in tsaya cak in bar ruwa ya kai ni. Ni kuwa da na ji na tsaya sai in ga kamar nutsewa zan yi, in yi maza in sake ja. Ta sa ni harbi biyu ja ɗaya, harbi uku ja ɗaya, duk da haka tsakuwar Inna ta ƙi raguwa. Na ce mata to tsayawar ta yaya, ta daƙiƙa nawa, a ba ni lamba. Ta ce ita ba ta san lamba ba.

"Gaishe ni za ka yi. In ka haɗe ƙafa, ka ce a ranka, Yagana, kin tashi lafiya, ya gida, ya yarinya? Sai ka gama sannan ka ja. Amma cikakkiya, Malam, ba irin wadda kake yi mini ƙafa ɗaya a waje ba."

Na dube ta, ta kau da kai tana gyara itace a murhu. Washegari na shiga ruwa na gaishe ta. Na ja, na shaƙa, na harba, na miƙe, na gaishe ta har ƙarshe, sai na ga kuka tana matsowa da kanta. Na gaida matar nan a cikin dam fiye da yadda na gaishe ta a shekara uku a tudu. Da na fito ko haki ba na yi. Inna ta leƙa kwano, ta girgiza shi, ta ce ko dai tsakuwar ma ci take ba ta sani ba.

Aka girbe dawa. Alhaji ya aiko daga Babura cewa gyaɗa ta fara taruwa. Malam Isiyaku ya dawo da kwale-kwale sabo fil, gari ya fito kallo da hantsi, har da mutanen Roni da na Gwiwa da suka zo cin kasuwa. Uwarku ta ba ni hular kube ta ubanta, ta ce ta fi kama kai. Muka shiga mu takwas. Samari suka yi gaba suna fantsama ruwa, suka bar ni a baya ni kaɗai. Ina jiyo Baffa Sale.

"Habu, sa giya ta biyu mana! Ko man ne ya ƙare?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Jinin direba ya motsa, na ce ni za a wuce a hanya? Na fara sauri, na daina miƙewa, ƙafar dama ta koma totur, ruwa ya fara taɓa mini hanci, na ji hula tana rawa. Sai wata murya ta tsaga dam ɗin daga kan dutse.

"Kai wannan! Gaishe ta! Ka gaishe ta, na ce!"

Mutane suka yi ta waige-waige suna neman wadda za a gaisar. Wani ya ce tsohuwar da aljanar ruwa take. Ni dai na ji. Na haɗe ƙafa, na miƙa furata, na tambayi Yagana kwananta da gidanta da yarinyarta. Na wuce na farko yana rungume da kuka yana haki. Na wuce na biyu yana bin hularsa. Uku muka kai falalen dutsen. Ashanar ɗayan ta jiƙe, ta ɗayan ta faɗa ruwa tun a hanya. Na cire hula, akwati a bushe. Tsinken farko ya ƙi kamawa don yatsuna a jiƙe suke. Na goge yatsu a jikin dutse mai zafi, na yi bisimilla, na ƙyasta na biyu. Ta kama. Ɗan harshen wuta ne wanda da rana ko ganinsa ba a yi sosai, amma na ɗaga shi sama kamar na kamo zaki, har ya ƙone mini yatsa.

To ga inda na ɓata rawata. Da aka dawo da ni a kwale-kwale, Malam Isiyaku ya miƙa mini makullin inji a gaban dattawan gari, ya tambaye ni a ina na koyi wannan iyon. Na dubi rawuna, na dubi Baffa Sale da bakinsa a shirye. Na auna yadda zai kasance in na ce matata ce ta kifa ni a turmi ta ɗaure ni da kallabi. Sai na ji bakina yana cewa a Ikko ne, wajen Turawa. Dattawa suka gyaɗa kai, aka ce ai shi ya sa, yawon duniya ilimi ne. Malam Isiyaku ya ɗan yi murmushi ya ce Turawan nan da alama sun taɓa zama a bakin Chadi. Inna kuwa ta naɗe buzunta ta yi gaba, ba ta jira ni ba.

Na shiga gida uwarku tana tsaye a bakin ɗaki, ta kasa zama tun safe.

"Inna, yaya? Ta kama?"

"Ta kama. Sauran labarin ki tambayi Baturen Ikko."

Na faɗa mata da bakina, kaina a ƙasa. Sannan ta ce in bar su kawai, ita da Inna da turmi sun sani, ita dai abin da ta nema ta samu, in je in gaya wa Alhaji ya riƙe makullinsa. Da ta yi fushi da ya fi mini sauƙi. Inna dai ba ta yafe ba. Har Allah ya karɓi abarsa ba ta sake ce mini "kai wannan" ba, sai Baturen Ikko, ta kuma ce kada in kuskura in same ta a can ban gyara ba. Ga shi ina gyarawa. Ku rubuta, ku karanta wa Baffa Sale da ƙarfi, kunnensa ya yi nauyi.

Abu ɗaya na yi daidai a shekarar. Da na karɓi aiki da sati biyu, ranar kasuwa da safe, gari ya tafi ciniki, na nemi izinin Inna na kwashe su uku, ita da uwarku da ke Hadiza, a kwale-kwale. Inna ta zauna a tsakiya ido rufe tana salati tun daga baki har muka shiga wani lungu bayan duwatsu ta wajen Roni, inda ba kowa sai belbela. Ta hau dutse ta zama mai gadi, da kwanonta. Uwarku ta sa tsohuwar rigata a kan zani, ta tsaya a bakin ruwa ta daɗe tana kallonsa. Rabonta da shi tun Baga. Sannan ta shiga. 'Ya'yana, na ga teku, na ga Kwara, na ga jirage, ban taɓa ganin abin da ya yi kyan wannan ba. Ruwa ko motsi bai yi ba. Ta ja sau ɗaya, ta miƙe, ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, har na fara tunanin ta manta da sauran. Ta je ta dawo, tsakuwar Inna ko gindin kwano ba ta rufe ba. Da ta kama gefen kwale-kwale tana dariya, ruwa yana zuba daga kitsonta, na sunkuya na tambaye ta.

"Ni ke nake gaisarwa. Ke wa kike gaisarwa da kike daɗewa haka?"

Ta waiga ta ga Inna tana nesa.

"Sunanka nake kira, har da na ubanka da na kakanka. A ruwa ba mai ji."

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai ta ɗora yatsa a leɓe ta nuna mini ƙirjina. Ban ma lura ba. Ke ce, Hadiza. Tun da uwarki ta shiga ruwa kika rasa zanin da za ki ɓuya a bayansa, kika rarrafo kika hau cinyata, kika cusa hannu a gemuna, har barci ya ɗauke ki. Haka na zauna ban motsa ba har rana ta take, ƙafar dama ta mutu murus, ban kuma janye ta ba.